Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: wa ke da iko da kuɗinmu, mai mulki ko babban banki?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo min wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar kuɗi ce da tsadar rayuwa da bankuna, dan haka na ware guda biyar na haɗa su waje ɗaya. Mai tambayar takardun fili da mai tambayar kuɗin duwan ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, sana'a da unguwa kawai.

TAMBAYA, daga wani mai sai da atamfa a babbar kasuwar Maradi:

Salam Malam. Ni daga Kantin Kwari nake ɗauko kaya, abokan hulɗata na Kano kullum kuka suke wai bashin banki ya gagare su ruwan ya yi yawa, kuma na sha ji a rediyo shugaban Amurka na faɗa da shugaban babban bankinsu kan ya rage ruwa shi kuma ya ƙi. Abin da ya ɗaure min kai, ba shugaban ƙasa ne ya naɗa shi ba? Ta yaya yaronka zai ƙi jin maganarka? In rage ruwan zai sauƙaƙa ma mutane mi ya hana a ba da oda kawai?

AMSA:

Alhaji Allah ya ba da kasuwa. Bari mu fara da cewa babban banki ba irin bankin da kake buɗe asusu ba ne, shi ne mai buga kuɗin ƙasa, shi ke ba sauran bankuna bashi, kuma farashin da ya sa ma nasa bashin shi sauran ke ɗora ribarsu a kai kafin su ba ka. In ya sauke ruwa bashi ya yi araha kuɗi su yawaita a hannun mutane, in ya ɗaga kuɗi su yi wuya. To ka ɗauka ranar kasuwa ce an kawo buhu ɗari na wake, masu saye kowa aljihunsa cike, mi zai faru? Ai kai ka fi ni sani, farashi zai tashi, saboda yawan kuɗin bai ƙara ko tiya ɗaya a kan buhu ɗarin nan ba.

Shi kuma mai mulki a kowace ƙasa shi ne babban mai cin bashi, ya fi kowane Alhaji, yana son ya gina hanya, ya biya albashi, ya sayi makamai, in ƙasar zaɓe ce kuma yana son mutane su ji daɗi kafin ranar jefa ƙuri'a. Daɗin rage ruwa nan take ake jinsa, ɗacinsa kuwa sai bayan shekara ɗaya ko biyu yake isowa kasuwa, lokacin an gama zaɓe an rantsar. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka ce ba a ba kura ajiyar nama, wanda ke kashe kuɗi kada ya zama shi ke riƙe da injin buga su. Kuma wlh wannan ba wata dabarar Turawa ba ce da ta fi ƙarfin tunaninmu, ka duba ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a nan jihar Maradi tun 1991, akwatin asusunsu ba a barin makullansa hannun mace ɗaya ko da ita ce shugaba, ana rarraba su ne, ba don ana zarginta da sata ba sai don an san halin ɗan Adam in buƙata ta matsa masa.

Tunda Kano kake zuwa bari mu tsaya a Najeriya, don can ne abin ya fi fitowa fili. Dokar babban bankinsu ta 2007 ta yarda bankin ya ranta ma gwamnatin tarayya kuɗi in ta shiga matsi, amma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar da ta samu a shekarar baya, kuma a biya cikin shekarar. A zamanin Godwin Emefiele, wanda ya riƙe bankin daga 2014 zuwa 2023, aka yi ta ɗiba ana ɗiba har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7, daga ƙarshe a watan Mayun 2023 majalisar dattawa ta amince a mayar da shi bashi na shekara 40. Waɗannan kuɗin ba haraji ba ne aka tara, ba man fetur aka sayar ba, ƙirƙirar su aka yi aka zuba cikin kasuwa. Kuma shi gwamnan bankin a 2022 har sunansa ya shiga maganar takarar shugaban ƙasa yana kan kujera, to ka gaya min mutumin da zuciyarsa ke wajen yaya zai kalli mai mulki ya ce masa a'a? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya riga shi kuwa, Sanusi Lamido Sanusi, da ya fito ya ce akwai dalar Amurka miliyar 20 na mai da ba su shiga asusun gwamnati ba, shugaba Jonathan dakatar da shi ya yi a Fabrairun 2014. Duk wanda ya hau kujerar bayan nan ya ga abin da ya faru.

Ba zan ce buga kuɗi kaɗai ya jawo tsadar da suka sha ba, cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira ta nemi farashinta a watan Yuni sun ƙara ma wutar fetur. Amma sakamakon kowa ya gani, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, sabon gwamna Olayemi Cardoso kuma ya yi ta ɗaga ruwa daga 18.75 har ya kai 27.5 a Nuwambar 2024. To ruwan nan da abokanka ke kuka da shi, kuɗin maganin ciwon da aka ɗauko tun shekarun baya ne suke biya, kuma ina tausaya musu da gaske don mai masaƙa ko mai shagon da bai ci ko sisi a cikin tiriliyan ɗin nan ba shi ke ɗauke da kayan.

Maganar a ba da oda kawai kuwa, an gwada, Turkiyya ta gwada. Shugaba Erdogan ya yi imani cewa ruwa mai yawa shi ke kawo tsada, ya kori gwamnonin babban banki uku tsakanin 2019 da 2021, aka sauke ruwa daga kashi 19 har zuwa 8.5 alhali kaya na ta tashi, a Oktoban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari, kuɗinsu lira ya zube. Bayan zaɓen 2023 da kansu suka juyo suka ɗaga ruwan har kashi 50 a Maris ɗin 2024. Ka ga an gudu daga 19 an ƙare a 50.

Na Amurka kuma gaskiya ne, Trump ne ya fara naɗa Jerome Powell shugaban babban bankinsu, ya kama aiki a 2018, kuma a 2025 ya yi ta caccakarsa a bainar jama'a kan ya rage ruwa. Sai dai dokarsu ba ta yarda a cire gwamnonin bankin don saɓanin ra'ayi ba sai da laifi. Su ma sun taɓa ƙonewa ne, shugaba Nixon ya matsa ma shugaban bankin na lokacin, Arthur Burns, gabanin zaɓen 1972, tsada ta addabe su shekarun 1970, sai da wani shugaban bankin daga baya, Paul Volcker, ya kai ruwa wajen kashi 20 a farkon shekarun 1980, mutane da yawa suka rasa aiki, kafin abin ya lafa. Dan haka Alhaji gwamnan babban banki ba yaron shugaban ƙasa ba ne, ya fi kama da alƙali, sarki ke naɗa shi amma ranar da ya fara yanke hukunci don ganin idon sarki shari'a ta tashi daga aiki.

TAMBAYA, daga wata malamar lakwal, unguwar Zariya:

Malam ina wuni. Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba, abin da na sani albashina yana nan inda yake amma tiyar hatsi a 2024 sai da ta kusa gagarar mu, ga yara ga 'yan uwa daga ƙauye. In babban banki ya ɗaga ruwa tiya za ta sauko? In ba za ta sauko ba minene amfaninsa gare ni?

AMSA:

Malama lafiya lau, Allah ya sa albarka a abin da ake samu. Gaskiyar magana ba za ta sauko don wannan ba, kuma duk masanin da ya ce miki za ta sauko bai taɓa auna hatsi ba. Ruwan banki ba ya sa a yi ruwan sama. Tsada iri biyu ce, akwai wadda ke zuwa don kuɗi sun yi yawa, akwai wadda ke zuwa don kaya sun yi kaɗan, tamu ta 2023 da 2024 galibi ta biyun ce, damina ba ta yi kyau a wurare da yawa ba, an rufe iyakar Najeriya da ta Benin, kamiyoyin da ke taso shinkafa daga tashar Kwatano suka tsaya, aka koma zagayowa ta Lome da Burkina da tsadar hanya da haɗarinta, ga matsalar 'yan bindiga da ta hana wasu noma a yankin Madarunfa da Gidan Rumji. Duk wannan ba abin da mutumin da ke zaune a ofishin babban bankinmu a Dakar zai gyara da alƙalami. Abin da ya sauko da tiya daga baya amfanin gona ne da ya yi kyau, da matakin da gwamnati ta ɗauka a Oktoban 2024 na hana fitar da hatsi waje in ban da Mali da Burkina.

Amma amfaninsa gare ki yana nan, sai dai irin amfanin da ba a gani ne sai an rasa shi. Tsadar ƙarancin kaya tana hawa tana sauka, kaka ta yi farashi ya karye. Tsadar lalacewar kuɗi kuwa in ta hau ba ta dawowa, ki tambayi duk wata 'yar uwarki mai koyarwa a Katsina ko Jibiya abin da albashinta ke saya a 2019 da abin da yake saya yanzu. Mai shago zai ƙara ma kayansa kuɗi, mai gida zai ƙara haya, mai shanu dabbobinsa su tashi, amma mai albashi da ɗan fansho da tsohuwar da ta ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane ba su da inda za su ƙara, su ake yanka ba wuƙa. Babban bankinmu BCEAO burin da ya sa ma kansa shi ne tsada ta tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari a shekara, kuma ko a lokacin da ya ɗaga ruwansa bai wuce 3.5 ba a ƙarshen 2023, ki kwatanta da 27.5 na maƙwabta. Na sani in kika je neman kiredi ba a 3.5 za a ba ki ba, ya ninka haka nesa, wannan kuma wata matsala ce ta daban da ta cancanci nata shafin, don bankunanmu sun fi son su ranta ma gwamnatoci da manyan 'yan kasuwa a kan su kalli malamar lakwal ko manomin aya.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:

Malam da girmamawa, amma na san za ka yabi BCEAO ka ce mai 'yanci ne. Wane 'yanci? Bankin da ya riƙe mana kuɗinmu a 2023 don wasu shugabanni sun ce ya riƙe? Kuɗin da Faransa ta ƙirƙiro? Mu dai mun gaji, kuɗin kanmu muke so na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, wanda gwamnatinmu za ta juya yadda take so.

AMSA:

Ƙanena na gode, kuma ban ga rashin ladabi a maganarka ba, rabin farko na abin da ka faɗa ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO da na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankinmu masu kashe sefa, suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi, aka daskarar da kuɗin ƙasar Nijar da ke babban banki, aka hana ta cin bashi a kasuwar yankin, Najeriya ta yanke kuran. Mu nan Maradi ba labari aka ba mu ba, mun ga layi a ƙofar bankuna tun asuba, mutum da kuɗinsa a asusu a ce ga iya abin da zai ɗauka, magani ya yi wuya a famasi, har 24 ga Fabrairun 2024 da aka ɗage. An yi ma Mali irinsa a Janairun 2022, har kotun UEMOA ta ce a dakatar a watan Maris ba a saurare ta ba. To wannan sunansa matsin siyasa a kan babban banki, ba shi da wani suna, kuma wanda ya sha wuyarsa ba janar ba ne ba minista ba, talaka ne. Duk mai kare 'yancin babban banki da gaske dole ya yarda cewa ranar nan an keta shi. Ba kuma shi ne karo na farko da siyasa ta shiga gidan ba, a rikicin zaɓen Kodibuwa gwamnan bankin Philippe-Henri Dacoury-Tabley sai da ya ajiye aiki a Janairun 2011 bisa matsin shugabanni, ana zarginsa da barin ɓangaren shugaba Laurent Gbagbo na ɗibar kuɗi. Kuma kujerar gwamnan tun da ta dawo hannun 'yan Afirka bisa al'ada 'yan Kodibuwa ake ba, Alassane Ouattara kansa ya taɓa riƙe ta, na yanzu Jean-Claude Kassi Brou tun 2022 shi ma ɗan can ne. Ƙasashe takwas ne ke da bankin, tambaya ce mai kyau a yi mi ya sa haka.

Maganar Faransa ma ba ƙarya ka yi ba. A 1945 aka ƙirƙiro sefa, hedkwatar bankin tana Paris har 1978 kafin ta dawo Dakar, iyayenku za su ba ka labarin Janairun 1994 da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu, abin da ake saye daga waje ya ninka cikin dare ɗaya ba wanda ya nemi shawarar ɗan kasuwar Maradi. A Disambar 2019 an sanar da gyara, an daina ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa, wakilanta sun fita daga kwamitocin bankin, amma har yau sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957 kuma Faransa ce mai lamuni. Ma'anarsa in babban bankin Turai ya motsa dole namu ya waiga, ko da damuwarsu ba tamu ba ce.

Inda na rabu da kai shi ne jimlarka ta ƙarshe, kuɗin da gwamnati za ta juya yadda take so. Dan Allah ka sake karanta ta. Abin da ka nema shi ne daidai abin da ya karya naira, shi ya sa Ghana ta ga tsada ta haura kashi 54 a Disambar 2022 bayan babban bankinsu ya yi ta toshe ma gwamnati rami, shi ya kai Zimbabuwe buga takarda ɗaya ta tiriliyan 100 kafin su watsar da kuɗin nasu a 2009 su koma kashe na wasu. Ka ga neman 'yanci ta wannan hanyar ya ƙare da kashe dalar Amurka a kasuwar Harare. Kuma kada ka ce ai shugabanninmu masu kishi ne ba za su yi ba, ni ban ce ba su da kishi ba, amma doka ba don mutumin yau ake rubuta ta ba, don wanda zai zo bayansa ne da ba ka san ko wanene ba, kuma ko mai kishin in yaƙi ya matsa, albashi ya zo, baitulmali ba kome, injin buga kuɗi na ɗaki na kusa, sai Allah ya kiyaye. A tsarin da muke ciki yanzu tun gyaran da ya fara aiki a 2010 an hana BCEAO ranta ma gwamnatoci kuɗi kai tsaye, wannan katangar ce ta sa jikkarka ta bara ba ta zama takarda ba bana.

Yin kuɗin kai ba haramun ba ne ba kuma abin tsoro ba, Muritaniya ta fita a 1973 ta yi ugiya tana nan da abinta har yau. Mali kuma ta fita a 1962 zamanin Modibo Keita, aka yi ta buga kuɗi ana cike giɓin kamfanonin gwamnati, a 1967 aka karya darajarsa da rabi, a 1984 ta dawo sefa ana karɓar faran biyu na Mali a ba da sefa ɗaya. Hanya ɗaya suka kama, riƙon ne ya bambanta. Dan haka in ranar ta zo, ni abin da nake so ku ɗalibai ku tambaya ba hoton wa za a sa a takardar ba ko wane suna za a raɗa mata. Ku tambaya nawa doka ta yarda bankin ya ranta ma gwamnati kuma wa zai hukunta in an wuce, ku tambaya shekara nawa gwamnan zai yi kuma za a iya korarsa da sanarwar rediyo ko sai da dalili a gaban kotu, wata nawa na sayen kaya daga waje ajiyarmu za ta iya ɗauka in farashin uraniyom ko mai ya faɗi, kuma za a riƙa buga lissafin bankin kowa ya gani ko sirri ne. Kuma 'yancin da nake nufi ba wai bankin ya zama gagara-badau ba, a'a, jama'a ta hanyar hukuma su ke gaya masa aikin da zai yi, shi kuma a bar shi ya zaɓi yadda zai yi, sannan ya zo ya yi bayani da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu ba da Faransancin da mutum goma ke ganewa ba. Kai da ke karatun jami'a, irinku ne za su zauna a kujerun nan gobe, ina roƙonka ka karanci lissafin sosai kamar yadda ka riƙe kishin.

TAMBAYA, daga wani dattijo a Tsibirin Gobir, ɗansa ya rubuto masa:

Malam duk wanga zance na ruwa da kuke yi, ba riba ba ce wadda Allah ya hana? Mi ya kai Musulmi ga gardamar a ɗaga ta ko a sauke?

AMSA:

Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Haramcin riba a bayyane yake cikin Alƙur'ani, ba ni da ta cewa a kai, hukuncin mu'amala da banki dalla-dalla kuma na malamai ne, ga su nan cike da Maradi a je a tambaye su. Akwai kuma hanyoyin da ba ruwa, muna da bankin Musulunci a nan Nijar, Najeriya na da Jaiz tun 2012, Senegal ta fitar da sukuk, wato takardun tara ma gwamnati kuɗi bisa tsarin Musulunci, a 2014. Sai dai Baba ko wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba abin na iso masa har gida, don kuɗin da ke aljihunsa daga can suka fito. Ko da an wayi gari babu ruwa ko kaɗan a tsarin, tambayar tana nan, wa ke da ikon ƙara yawan kuɗi, kuma wa zai hana shi in ya wuce gona da iri? Wanda ya sayar da ragonsa ya ajiye kuɗin don aurar da ɗiya, bayan wata shida kuɗin ba su sayen ɗan akuya, an tauye masa mudu ne ba tare da an taɓa aljihunsa ba. Shi ya sa nake ganin Musulmi na da bakin magana a nan, ya fi kowa ma.

TAMBAYA, daga wata mai man gyaɗa da ƙuliƙuli a Dan Isa:

Malam yawancin masu sayen kayana daga Jibiya da Magama suke zuwa, da naira suke biya. In tara nairar ko in riƙa canzawa? An ce min ta fara farfaɗowa.

AMSA:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Ba wanda zai iya rantse miki inda naira za ta kwana wata uku masu zuwa, ko 'yan canjin da suka shekara talatin a bakin tasha hasashe suke. Ta ɗan natsu tun da babban bankinsu ya matse, har sun fara sauke ruwa kaɗan a Satumbar 2025 zuwa 27, amma natsuwar na rataye ne da ko za a bar bankin ya ci gaba da riƙe wuta in zaɓe ya matso. Ki tuna kuma da farkon 2023 lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1000, mutanen bakin iyaka da yawa sun kwana da tsofaffin kuɗi a hannu ba su da asusu a can ba mai karɓa a nan, wasu da asara suka rabu da su kafin kotun ƙolinsu ta ce a ci gaba da karɓa.

Shawarata ki ajiye kuɗinki a cikin kuɗin da kike kashewa. Gyaɗarki da sefa kike saye, kuɗin lakwal ɗin yara da magani da zubin adashi duk sefa ne, to ki yanke farashin kwalbar manki da sefa a ranki, in mai saye ya zo da naira ki tambayi canjin ranar wajen mutum biyu ba ɗaya ba sannan ki lissafa masa. Nairar da za ki bari a hannu kada ta wuce ta abin da kika san za ki sayo a Jibiya cikin sati ɗaya ko biyu, robobi ne ko gishiri ko leda, sauran ki canza da wuri, in kuma kaka ce gyaɗa na araha kuma kina da wajen ajiya mai kyau da ba ya yoyo, ki mayar da su buhu.